A Mayar wa Kwamfutar Lungu Muryarta

Zuwa ga Shugaban Sashen Kwamfuta na kwalejinmu, Birnin Kabi.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali.

Ni ne Nasiru, makahon ɗalibin nan da ɗan kabu-kabu ke kawowa daga Ambursa kowace safiya. A kwamfutar da ke lungun ɗakin aiki akwai manhajar da ke karanta mini abin da ke kan allo. Da ita nake rubuta aikina na kammala karatu.

Na farko, ban ƙi umarninka na kashe sauti ba. Ɗalibai sun mai da ɗakin gidan kallon ƙwallo, ni kaina ihunsu ya ishe ni. Injiniyanku ya bi kwamfutocin yana cire modul ɗin sauti, wato guntun da ke haɗa lasifika da kanel, zuciyar tsarin na'urar. Ɗaki ya yi tsit, kowa ya yaba.

Na biyu, da na zo na yi ta latsa maɓallai, kwamfutar ba ta ce uffan ba. Na zaci wuta aka ɗauke, sai na ji fanka tana juyawa a kaina. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Haka na zauna kamar mai aiki har aka tashi.

Na uku, da na sami injiniyan, bawan Allah bai ɓoye komai ba. A sauran kwamfutocin modul ɗin ya fita salin-alin, amma ta lungu ta ƙi, ta nuna masa ana amfani da shi. Ya ga wata manhaja ce ta riƙe shi, ashe mai karanta mini allon ce, ya kashe ta, ya cire, ya hana shi dawowa ko an sake kunnawa. Sabon zuwa ne, ba wanda ya gaya masa akwai makaho a sashen. Ya yi ta ba ni haƙuri har na ji nauyinsa, amma ba zai mayar ba sai da izininka.

Ina roƙon kada a tsawata masa. A mayar da modul ɗin a kwamfuta ɗaya tak, abin sauraro na kunne zan riƙa sawa. Lokacin miƙa aiki ya gabato, in ya wuce ni sai baɗi. Kuma nan gaba, in na'ura ta ce ana amfani da abu, a tambaya ko wane ne kafin a kashe. Wannan karon ni ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya zuri'a.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Nasiru, Ambursa.