Jan fenti a jikin ɗorawata

Litinin, 7 ga Afrilu 2025
Angona Musaddiq ya zo daga Birnin Kudu, ko goro babu, sai gwangwanin jan fenti. Jikana ne na fari, ofishinsu ke tsara hanyar da sabuwar bas za ta bi zuwa Gwaram. Wai ta kurminmu za a yanko. Ɗorawata tara da Baba ya bar min duk ya shafa musu ja. Na ce miji mai sare abincin matarsa, saki zan nema.

Laraba, 9 ga Afrilu
Dabo mai shanu ya tsaya a ƙofar gida, ko zama bai yi ba. Ashe da rani su Musaddiq suka yi awon hanyar, suka ga burtali fetal suka ɗauka hanya ce da ba mai ita. Ya ce, “Inna, da damina ta ina shanu za su bi su sha ruwa? Ta gonakin mutane?”

Juma’a, 11 ga Afrilu
Na kai wa leburorin aikin hanyar kunu. Na ɗan ba su labarin farar mata mai kofato da ke tsefe kai a kurmin da tsakar rana. Ni na ƙirƙiro ta shekara arba’in da suka wuce, don yara su bar min ɗorawa ta nuna. Wani ko kununsa bai shanye ba.

Talata, 15 ga Afrilu
Sun gudu! Astagfirullah, na yi dariya har da tari.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Musaddiq ya daina amsa min tsokana. Ya ce tunda aiki ya tsaya, bas za ta miƙe ta babban titi, ba za ta shigo mana ba. Na share tsakar gida sau uku.

Alhamis, 24 ga Afrilu
Mahbuba matar ƙaninsa ta faɗo daga babur a cikin yashi, za ta awon ciki. Wata bakwai. An ce lafiya lau, da ita da cikin. Ta ce, “Ba komai, Kaka.” Gwiwar duk a kuje. Na ɗora tukunyar kalwa, na manta ban zuba ruwa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu
A zauren mai gari na faɗa, gaban Malam da kowa: babu wata mai kofato, ni ce na ƙirƙiro ta. Wasu har yanzu ba su yarda ba, wai sun gan ta da idonsu! Na ja angona da Dabo na nuna musu tsohuwar hanyar fatake ta bayan dutse, wadda muka bi da jakuna muna ’yan mata. Ta fi nisa kaɗan, amma ba ta taɓa burtali ba, kurmi ma gefensa kawai. Musaddiq ya auna, ya ƙara aunawa, ya ce, “Amarya, biyu daga cikin ɗorawarki sai sun tafi.” Na ce na sani, ai ni na kawo ka.

Asabar, 3 ga Mayu
Yau aka sare su. Ban je ba, ƙafa ce ke ciwo, ba wani abu ba. Daga ɗaki na ji faɗuwar babbar. Na aika wa Mahbuba ta tambayo min ƙarfe nawa bas ɗin za ta riƙa tsayawa da safe. Ita ce mai shiga, ni rakiya kawai zan yi.