Neman Watan Azumi a Bakin Ruwan Wara

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya sanyin can? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Madubin hangen nesan da ka aiko ya hana ni sukuni. Watan jiya na kafa shi a bakin ruwa don neman jinjirin wata, na yi ta juya shi babu tsari. Ina cikin lalube wani tsohon masunci ya miƙa yatsa ya ce, "Malam, ga shi can bisa tsibiri." Kunya ta rufe ni.

Yanzu na zana sararin yamma a takarda, na raba shi gida tara. Zan fara daga mafaɗar rana in bi hagu, in ɗaga madubin kaɗan in dawo, kowane gida minti biyu. Liman ya riga ya sanar cewa ni zan duba watan azumi jibi. Tun daga nan na kasa zama, sai fita nake ina leƙen gajimare.

Ka gaida mutanen gida. Ka roƙa mini Allah ya buɗe sama, ko da minti ashirin ne.

Ƙaninka,
Bello