Yaya Buhari, Na Je Neman Na-Gulbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Buhari.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan kana cikin ni'ima da yalwar makwanci, ni ne Murtala. Na san ba a rubuta wa wanda ya rasu wasiƙa, shekara tara ke nan ina gaya wa kaina haka. Amma yau abin ya fi ƙarfina. Kuma masu bibiyar shafina suna jiran wani abu da na yi musu alkawari, to gara su karanta a nan tare da kai, in huta da maimaitawa.

Bari in fara da abin da zai ba ka dariya. Katun ɗin nan na jarumai da muke leƙe ta ɓular langa-langa a gidan kallon bakin tasha bayan la'asar, an dawo da shi sabo fil. Ni yanzu rumfa gare ni a kasuwar Jega, ina cajin waya ina tura wa mutane fina-finai, don haka duk gardamar a kaina take ƙarewa. Wallahi Yaya, da ka ga dattawa masu gemu suna ɗaga jijiyar wuya a kan katun, sai ka riƙe ciki.

Tsaranmu sun ce an ɓata shi. Wai fuskokin sun koma kamar na roba, an canza muryoyin, kuma jarumin yanzu sai ya tsaya yana bayyana damuwarsa kafin ya kai naushi ɗaya. 'Yan bana kuma sun ce namu na dā ne shirme, wai bakin mutum na motsi maganar na biyo baya. Ga sababbin littattafan zane da suke karantawa a waya, su ma kullum rigima. An kashe wani jarumi, wata biyu aka tashe shi, karo na uku ke nan, masoyansa suna ta zagin marubutan wai an mayar da mutuwa wasa. Ni dai ba na sa baki a wannan. Nakan ci gaba da jona caja, don ni da za a dawo mini da nawa ko sau ɗaya ne ba zan zagi kowa ba.

Wanda ya fi kowa baki shi ne Zayyanu mai gyaran babur, ba ka san shi ba, bayanka ya zo garin. Shi ne ranar wata Juma'a ya buɗe baki ya ce: "Bahaushe bai iya wanga aiki, kallo ɗai munka iya." Kai, raina ya ɓaci! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa tun yana yawo ba wando wana yake zana jarumi a nan cikin garin Jega, littafi goma sha biyu cur, kowane shafi da hannunsa.

Na ba su labarin Na-Gulbi. Mai fito da kwale-kwale wanda ruwa ba ya cin sa, mai warki da malafa, wanda yake ɗaga motar albasa da hannu ɗaya in ta kife a hanyar Aliero. Na gaya musu lagonsa, cewa ba ya iya wuce gaisuwa. Ɓarayi sun gane shi, sai su ajiye masa tsoho ɗaya a hanya yana ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ruwa, ina wajen su wane, shi kuma dole ya tsaya ya amsa har ƙarshe, kafin nan sun ƙetare gulbi da shanun mutane. Rumfa ta kaure da dariya, har mai sayar da fura ta ajiye ƙwarya ta tsaya ji.

Zayyanu kaɗai bai yi dariya ba. Cewa ya yi: "Hwaɗi na kawai. In gaskiya na, turo hoto mu gani."

A makon ne kuma wasu matasa a guruf ɗinmu na waya suka ce suna tattara jaruman da 'yan gida suka zana, za su baje su a intanet da sunan kowane mai zane, duk mai abu ya turo kafin ƙarshen wata. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa su bar wa Buhari na Jega wuri a sahun gaba. Ba don Zayyanu kaɗai ba, Yaya. So nake a ga sunanka a rubuce a wani wuri, don yanzu in na ambace ka a kasuwa sai an ce wane Buhari. Motocin da ka yi wa zane a jiki duk an sake musu fenti ko an sayar da su ƙarfe.

Ka tuna yadda ka fara? Littafin rubutu na makaranta, biro ja da biro shuɗi, kana zaune a zaure ka ɗora shi a gwiwa. Ni aikina in riƙe maka murfin biro in yi shiru. Shirun ne ban taɓa iyawa ba.

Ka tuna littafin farko? Baba mahauci ne, duk takardar da ta kwana a gidanmu ta zama ta naɗe tsire. Na je kai masa ruwa a tukuba na tarar da Na-Gulbi yana naɗe da tsiren wani direba, mai da ƙuli sun jiƙe masa fuska. Na dawo da gudu na gaya maka. Ranar ba ka ci tuwo ba. Da ka yi wa Baba magana, ko ɗagowa bai yi ba daga yankan da yake yi, ya ce: "Duk takardad da ba ta da sunan Allah, ta tsire ta."

Daga bakinsa ka samo dabarar. Ka sake zana littafin tun daga farko, kuma a saman kowane shafi, gaba da baya, ka rubuta Bismillah da kyakkyawan rubutun nan da ka koya a makarantar Kawu Malam. Baba zai ɗauko littafin zai yaga, ya ga saman shafin, ya ja tsaki, ya mayar da shi can saman katanga inda ƙafa ba ta kaiwa. Mukan ɓuya bayan rumbu muna dariya har hawaye. Kakan ce mini: "Ka gani ko? Yanzu ba mai taɓa su." Kuma gaskiyarka, tsire bai ƙara cin ko shafi ɗaya ba.

Tun da motar albasa ta faɗi da kai a hanyar Aliero ta yi ajalinka, ban sake buɗe akwatinka na ƙarfe ba. A raina littattafan suna ciki, a ƙarƙashin gadon Inna. Da Baba ya bi ka, Inna ta koma Maiyama wajen ƙanenta Kawu Malam, akwatin ya bi ta. Nakan je gaishe ta in gan shi, in kawar da kai. Na kasa ne kawai.

Ranar Talatar da ta wuce na rufe rumfa na hau babur. Har da sabuwar leda na saya don kada ƙura ta taɓa su a hanyar dawowa. Na gaishe da Inna, na jawo akwatin, na buɗe. Ga rigarka mai ɗigon fenti, ga burushi guda huɗu a ɗaure da kyauro, ga gwangwanayen fenti sun bushe ƙayau. Na zazzage komai a tabarma, na sake dubawa, na leƙa ƙarƙashin gado kamar wani wawa. Babu littafi ko ɗaya. Inna ta ce ita dai ta san Kawu ya kwashi wasu takardu a kwanakin zaman makoki.

Na tarar da Kawu a zaurensa yana wanke alluna. Ya tsufa ƙwarai, Yaya, amma kansa garau. Na tambaye shi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce: "Ashe ba ka sani ba? Kai nib ba buhun, kai kag gina ramin."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nan take abin ya dawo mini. Ranar sadakar bakwai ɗinka, Kawu ya miƙo mini buhu a ɗaure, ya ce takardu ne masu sunan Allah, in kai su gonarmu ta Giwa Tazo in binne a wuri mai tsabta. Haka ake yi, ka sani, ba a barin irin su a gida yara su tattake ko akuya ta ci. Na ɗauka tsofaffin warƙoƙin karatu ne da suka yayyage. Idona a kumbure yake ranar, ko abinci ba na gani balle bakin buhu. Na saɓa shi a kafaɗa, na haƙa rami a gindin gawon nan na kan iyaka, na saka, na rufe, har na tattaka ƙasar da ƙafata don ta zauna.

Kawu ya ce ya buɗe su ya ga sunan Allah a sama, ga hotunan mutane da aljanu a ƙasa. Ya ji tsoron a wulaƙanta sunan, ya kuma ji maka tsoron hotunan, kai da kake kwance sabon kabari. Ya ce ƙonewa ce ta fara zo masa, sai ya tuna hannunka ne, ya kasa. Don ƙauna ya yi, na sani. Na so in yi masa ihu, wallahi na so. To in ce masa me? Shi bai taɓa sanin zancen tsire ba. Ni da na san dalilin kowane Bismillah da ke cikin buhun nan, ni na ɗauke shi ban kwance ba.

Daga nan ban koma wajen Inna ba. Na ari fartanya da shebur na nufi Giwa Tazo da rana tsaka. Gawon yana nan. Na haƙa gabas da shi ban samu ba, na koma arewa, na dawo. Masu wucewa da amalanke suna tsayawa suna kallon mutum da rigar kasuwa yana tonon gona ba lokacin shuka ba. Ban amsa gaisuwar kowa ba. Wajen la'asar fartanya ta kama wani abu.

Buhun ne. Shi ɗan banza bai ruɓe ba, na roba ne, har igiyar da Kawu ya ɗaure tana nan. Na yanke ta. Ƙasa ce a ciki, Yaya. Jar ƙasar gara, a dunƙule, da hanyoyinsu a jiki. Na marmashe ta a hankali da yatsa, dunƙule bayan dunƙule, ko zan sami kusurwar shafi, ko layi ɗaya na jan biro. Abin da na samu 'yan ƙarafan nan ne da ke riƙe tsakiyar littafi, sun yi tsatsa. Na tattara su a tafin hannuna na zauna a bakin ramin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka gaya mini rasuwarka.

Na gwada zana shi da kaina da na dawo gida. Kaico! Ka san hannuna, ko kaza na zana sai na rubuta sunanta a ƙasa. Abin da ya fi ba ni tsoro, na zo fuska na tsaya. Yana da gemu ko babu? Tsagen da ke kumatunsa, a dama yake ko a hagu? Ni ne mutum na ƙarshe a duniya da ya san kamanninsa, ga shi yana zubewa daga kaina ina ji ina gani.

Jiya wata ya ƙare. Sun baje jarumansu, na shiga na duba, wasu ma sun yi kyau, ba zan yi musu hassada ba. Sunanka ba ya ciki. Zayyanu ya zo cajin waya da safe, ya ga idona, ya ajiye wayar kawai ya tafi. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ku kuma da kuke karanta wannan, ga amsarku: ba ni da hoto, ba kuma zan taɓa samu ba. Wanda ya ga dama ya ce ƙarya na yi.

Saura abu ɗaya ban gaya maka ba. Ranar Talatar, da na baro gona na biya in yi wa Inna sallama da ƙasa a jikina, na faɗa mata gaskiya. Ta ce ita ba ta taɓa sanin abin da ke cikin littattafan ba, tana dai ganin ka duƙe kana ta zane. Ta ce in zauna in ba ta labarin. Na zauna, na faro tun daga farko, tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Na kai ta har ƙarshen na goma sha ɗaya, inda aka ɗaure Na-Gulbi da sarƙa aka jefa shi cikin rijiyar da ba ruwa. Ta matso ta ce to sai me ya faru.

Yaya, ban sani ba. Na goma sha biyun ka hana ni buɗewa, ka ce saura shafi uku, sai ka gama mu karanta tare. Na bi maganarka. Na binne shi ban karanta ba. Inna tana kallon bakina, ni kuma ina kallon tabarma, har aka kira magariba.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Ka yafe wa Kawu ma.

Ya Allah, Ka ga sunanKa a saman kowane shafin bawanKa Buhari. Ko da wace niyya ya rubuta, Ka lissafa masa shi a cikin alheri, Ka yafe masa abin da ke ƙasa. Ka haskaka kabarinsa da na Baba, Ka sanyaya zuciyar Inna, ni kuma Ka ba ni haƙurin da na rasa. Amin.

Ƙanenka da bai kwance buhu ba,
Murtala, daga Jega.