Mutumin da Ya Juya Baya

Zuwa ga ɗana Sibren,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Rotterdam bai tayar maka da tarin nan naka ba. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ba ta rabuwa da ƙorafi.

Bikin zanenmu ya matso. Ka dai san al'adar: a kafa ƙaton firam a bakin kasuwa, mu sa tufafin mutanen da, mu shiga mu ƙame kamar mutanen cikin zanen ƙauyenmu da ke rataye a gidan tarihi na birni. Ni ce matar da ke miƙa burodi, kamar kullum. Amma wurin babanka, wato mutumin da ke karɓa ya juya wa masu kallo baya, ba kowa tun rasuwarsa. Aukje, shugabar bikin, tana so ta sa Jelle mai sayar da cuku. Na ce mata Jelle ko a coci ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, kuma bayansa ya yi biyun na babanka.

Watan jiya na je birni na sake ganin zanen. Ɗakin cike da baƙi daga ko'ina, kowa da waya a sama. Jagorarsu tana ta bayanin haske da launi, ni kuwa su nake kallo. Kowa sai ya karkatar da kai, wai ko zai hango fuskar mutumin. In ka tambaye ni, abin da ya ɗaukaka zanen ke nan: kowa yana son ya san wane ne matar take wa wannan kallon.

Na san kunyar garin nan kake ji, tunda ba ka zo jana'iza ba. Ban tambaye ka dalili ba, ba kuma zan tambaya ba. In ka zo ka tsaya a wurin babanka, bayanka kawai jama'a za su gani. Na wanke rigar da yake sawa na goge. Ina kewarka, Sibren, har abinci ba ya min daɗi.

Ka huta lafiya.
Mahaifiyarka,
Hendrika

Ɗana Sibren,

Gaisuwa da fatan jirgin ƙasa ya kai ka lafiya. Yaya gajiyar tsayuwar biki?

Kana tafiya sai ga Aukje har gida. "Haba Hendrika! Da girmanki? Ina kika taɓa ganin zane yana hawaye?" Na zuba mata kofi, na bar ta ta gama.

Kada ka ɗauka hular babanka ta ɓoye ka. Kana taka dakalin firam ɗin kowa ya gane ka, don tsayuwarku ɗaya, kafaɗar hagu a sauke. Amma ba wanda ya yi maka gori. Jelle ma ya kawo cuku guda, ya ce a ajiye wa "baƙon Rotterdam", bai dai yafe wurin da ka karɓe masa ba.

Masu zuwa birni sai su ci gaba da karkatar da kai. Ni dai na ga fuskar, kuma ta rame. Ka zo ranar Lahadi ka ci abinci.

Taka har kullum,
Mama