Gonar Kawu Ilu ta sha igiya

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Legas? Ya Rabi da yara, da jikin ƙaramin? Mu nan Alhamdulillahi, sai dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Ranar Asabar aka raba gonar marigayi Kawu Ilu, wadda muke yini muna gayya a cikinta ba mu kai ƙarshe ba. Liman da mai unguwa suka ja igiya tsakanin 'ya'yansa. Wallahi Sani, abin da kowa ya samu, shanun huɗa ba za su juya a ciki ba sai sun taka na ɗan'uwa. Da aka zo dasa gamba a kan iyaka, babban ɗansa Habu ya ce: "Ba a kan kunyata ba, ciyawa ba za ta ci mini dawa ba." Ƙaninsa ya ɗaga masa fartanya, uwarsu tana kallo. Haka aka watse babu addu'a.

Ka ce tsadar abinci za ta koro ku gida kafin damina. Ka sake tunani. Kowane mako sai an yi suna a unguwar nan, ƙasa kuwa ba ta haihuwa.

Ka gaishe da Rabi, ka shafa kan yara, ku sa mu a addu'a. Jiya na hango babban ɗana yana auna gonarmu da ƙafa, ni kuwa ko ciwon kai ba na yi.

Yayanka,
Garba