Daƙiƙa Talatin na Mai Magani

Litinin, 3 ga Yuli, 2023
Yau na ƙaddamar da sabuwar doka a wasan intanet ɗin da na ƙirƙira tun ina jami'a: kowane ɗan wasa daƙiƙa talatin gare shi ya yi motsinsa, in ya wuce, na'ura ta tsallake shi. Wannan shi ne tsantsar adalci a ilimance. A duk faɗin garin Isa ban ga wanda zai fahimci hikimar ba. An yi ruwa. Ba mu je gona ba, hanyar ba ta biyuwa.

Alhamis, 6 ga Yuli
Sakamakon ya saɓa wa hasashena. Rukunin Maharba na cin kowane yaƙi, Mayaƙa na biye, Masu Magani kuwa sun durƙushe. Mafi muni a cikinsu shi ne Talha, abokina tun makarantar allo. Tun da aka watse daga Burkusuma ya ƙetara Nijar da mahaifiyarsa, a wasan nan kaɗai muke haɗuwa.

Asabar, 8 ga Yuli
Na ninka ƙarfin warkarwar Masu Magani. Hafizullahi, shugaban Maharba, ya kira daga Sakkwato: "Injiniya, son kai kake yi ma abokinka." Na yi masa bayanin ƙa'idar daidaito har katinsa ya ƙare.

Talata, 11 ga Yuli
Ba abin da ya sauya. Na bibiyi wasan Talha daki-daki. Idan layi ya zo kansa, ba magani yake fara bayarwa ba. Gaisuwa yake da abokan wasa. Ya tambayi Is'haƙa mutanen Turba, ya tambayi Tani jikin babanta, ya jira amsa. Kafin ya gama, na'ura ta tsallake shi, rundunarsa ta mutu. Na rubuta masa cewa wannan almubazzaranci ne da lokaci.
"Shamsu, in shiga wuri ban gaisa ba? Mi ka ɗauke ni?"
Na ce dokar ba ta san gaisuwa ba.
"To ta zauna lahiya."

Laraba, 12 ga Yuli
Talha bai shigo ba.

Lahadi, 16 ga Yuli
Alƙaluma sun daidaita, rukunan uku sun yi kunnen doki. Nasara ce ta fasaha. Ana shiga, a yi yaƙi, a fita, ba mai cewa uffan. Yau a kasuwa na ji mahaifin Tani ya rasu tun Alhamis. Kullum tana cikin wasan, ba wanda ya tambaye ta. Na ci tuwo. Na kwanta.

Juma'a, 21 ga Yuli
Na cire ƙayyade lokaci ga Masu Magani. A sanarwa na kira shi "gyaran wata tangarɗa ta fasaha". Hafizullahi zai yi ƙorafi, za ni amsa masa gobe. Bayan la'asar sunan Talha ya haska a wasan. Layina ne, abokan gaba na bakin ganuwa. Na rubuta: "Ina gajiya? Ya jikin Inna?"
Ni Mayaƙi ne, dokar tana kaina. Na'ura ta tsallake ni, aka kashe ni.
Talha ya ce da sauƙi, tana gaishe ni.