Mai Gwanjo a Ɗakin Shiru

Zuwa ga Rhoda, sanyin idona, hasken rana kan tuddanmu bayan ruwa ya ɗauke, ƙoramar da ba ta san ƙafewa ba, furen tudu mai ƙamshin zuma, ke da zuciyata ta zaɓa ba ta tsaya yin shawara da kowa ba!

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya kasa zama wuri ɗaya. Na zauna in rubuta, na tashi na ɗora shayi. Shayin ya tafasa, na manta da shi, na fita duba ƙofar lambu wadda na san sarai a rufe take. Karena ma ya gaji da bina, ya kwanta bakin murhu yana bina da ido. Ina zan ga lafiya, masoyiya? Lahadin nan mai zuwa za a sake zama da mu, ki faɗi ko za a yi aurenmu ko ba za a yi ba, ni kuwa ban san abin da ke bakinki ba. Kin roƙe ni kada in kira ki, kada in zo, sai ranar. Na riƙe alkawari, Allah kaɗai Ya san da wace irin wahala. Wasiƙar nan ma sai da na tambayi tsohuwa Winifred, babba a cikin dattawan taron ibadarku, ko ta halatta. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Rubuta mata, Edwin. Takarda dai in ta ishi mutum sai ya ajiye ta kan tebur. Kai ne har yau ba a gano yadda ake ajiye ka ba."

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Kina gyaran katangar dutse a gefen hanyar da ke hawa gonakin sama, ana yayyafi, gashinki ya jiƙe ya manne a goshi. Na tsayar da mota na tambaye ki hanyar da na fi sanin ta da tafin hannuna. Daga nan na buɗe baki. Na ba ki labarin farashin ulu, da ruwan bara, da ciwon gwiwata, da rikicin maƙwabcina da akuyarsa, ke kuwa ko ɗago kai ba ki yi ba. Can sai kika ce, "Miƙo mini wancan dutsen, mai faɗin nan." Na miƙa. Kika jujjuya shi a hannu, kika ɗora, ya zauna daram ba laka ba siminti. Sannan kika ce, "Ci gaba, ina jinka." Wayyo Rhoda! Tun da nake, mutane suna saurarona ne don gudumar gwanjo tana hannuna kuma dabbobinsu suna gabana. Ba wanda ya taɓa cewa yana jina a banza, cikin ruwa, ba don komai ba. A ranar na koma gida da rigar da ta jiƙe sharkaf, ban ma lura ba sai da na zauna kan kujera.

Da yammacin da muka hau tudu bayan an gama sausayar tumaki fa? Kika zo da filas na shayi da kek da cuku a naɗe cikin tsumma. Kwarin duk yana ƙarƙashin ƙafarmu, katangun da kika gyara suna bin tudu suna sauka, iska tana kaɗa ciyawa, kanki yana kafaɗata. Wane sarki ne ya fi ni a wannan yammaci? Wa zai ce mini akwai abin da ya rage a duniya in nema? Amma ko a nan ban bar iskar ta yi maganarta ba, sai da na lissafa miki sunan mai kowace gona da irin tumakin da yake kiwo.

Kin san sana'ata, gadonta na yi. Mai gwanjon tumaki ne ni, ɗan mai gwanjon tumaki. A filin gwanjo ba abin da muke tsoro kamar shiru. In wuri ya yi tsit, to ba mai tayawa, garke zai koma gida yadda ya zo, mai shi kuma zai dube ka dubawar da ba ka mantawa. Shi ya sa harshena yake gudu ya bar tunanina a baya. Sai ga shi Allah Ya haɗa ni da 'yar ɗariƙar Abokai, mutanen da ibadarsu ita ce su taru ran Lahadi a ɗaki ba limami ba waƙa, su zauna shiru har sai Allah Ya sa wa wani magana a baki, in bai sa ba a gaisa a watse. Na sha yi miki tsiya a kan wannan. Na ce ku ne kaɗai jama'ar da ke saka kayan fita don su je su yi abin da ake yi a layin asibiti. Kina dariya, ina jin daɗi, ban san ranar da shirun nan zai kama ni tana tafe ba.

Da kika ce a wurinku kafin aure sai dattawa sun zauna da masu niyya, ba don su ba da shawara ba, tambaya kawai suke yi su jira, na ce wannan ai mai sauƙi ne. Tambaya? Ni da nake amsa mutum goma a numfashi ɗaya! Muka zauna a ƙaramin ɗakin nan mai ƙamshin tsohon katako. Aka tambaye ni, na zuba amsa kamar an kunce famfo. Sai Winifred ta juyo gare ki ta ce, "Rhoda, me kike tsoron rasawa in kin auri mutumin nan?"

Kika yi shiru. Hannuwanki suna kan cinya, hannuwan nan masu tabon dutse da nake so fiye da nawa. Shirun ya yi tsawo, ya ƙara tsawo. Ji nake kamar an shigo da garke fili ba wanda ya ɗaga hannu. Kafin in ankara bakina ya riga ni. Na ce, "Ai babu abin da za ta rasa! Aikinta yana nan, Lahadinta tana nan, gidanta ma in tana so mu zauna can. Riba ce zalla, ku sallama kawai!" Har na yi dariya. Ba wanda ya taya ni. Kika ɗago ido kika dube ni, ba fushi a fuskarki, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Kika ce, "Ban gama ba, Edwin. Ban ma fara ba." Sannan kika ce wa dattawa zuciyarki ba ta natsu ba tukuna, a ba ki lokaci.

Ba zan ɓoye miki ba, da fushi na koma gida. Duk hanya ina faɗa da gilashin mota. Ni da na ga matar da nake so an tsare ta da tambaya na kawo mata ɗauki, ni ne kuma mai laifi? Wace irin al'ada ce wannan, a zuba wa mutum ido yana nutsewa ba mai miƙa masa hannu? Na yi kwanaki ina cika ina batsewa. Da fushin ya rasa abin ci, sai kewarki ta shigo ta zauna, ita kuwa ba ta da niyyar tashi. Na rasa inda zan sa kaina. Ran Lahadi na ɗauki mota na tafi taron Abokai na garin da ke bayan tudu, inda ba zan karya alkawari in haɗu da ke ba, na ce bari in ga abin da kike samu a ciki.

Azaba, Rhoda! Bencin ya yi tauri, cikina ya yi ta ƙugi har wata tsohuwa ta miƙo mini alewa. Na yi wa rigar kowa kuɗi a zuciyata, na yi wa kujeru, na yi wa agogon bango. Na fita ina rantsuwa ba zan dawo ba, mako ya zagayo na dawo. A hankali, da surutun waje ya ƙare, sai na fara jin na ciki, kuma a ƙarƙashinsa na tarar da abin da ban taɓa sanin ina ɗauke da shi ba. Tsoro ne, masoyiya. Ranar nan ba ke na kawo wa ɗauki ba, kaina na ceta. Ina tsoron abin da zai fito daga bakinki, sai na toshe shi da nawa.

Wanda ya fi wannan ciwo ya zo daga baya. Na zauna ina tuno abubuwan da na sani game da ke, don in ji sanyi, sai na ga yawancinsu daga bakina suka fito. Na gaya wa kowa kina son teku. Da na bi abin a hankali, sai na tuna cewa kika yi, "Teku dai…" ni kuma na ƙarasa miki, na ce ai ba abin da ya kai shi daɗi, za mu je hutu can. Me kika so ki ce game da teku? Kina sonsa ne, ko tsoronsa kike, ko ya cinye miki wani? Ban sani ba! Maganganunki nawa na tare a hanya na mayar da su nawa? Ya ke wadda nake kira rabin raina, ashe rabin da na sani ɗin ma ni na rubuta shi da hannuna. Na fito daga taron ranar na zauna cikin mota na daɗe ban tayar ba.

Addu'ata ma haka take ashe. Nakan jera wa Ubangiji buƙatu da sauri, in buga guduma da amin, in tashi. Ban taɓa tsayawa in ji ko akwai abin da za a ce mini ba. Kin sha faɗa mini Allah Ya sa haskensa a cikin kowane mutum, ina gyaɗa kai ina neman abin da zan ce na gaba. Yanzu nake ɗan hango abin da kike nufi, kuma ba a ɗakin ibada na fara ganinsa ba, a kasuwa ne.

Ranar kasuwar da ta wuce tsoho Harker ya kawo ragowar garkensa, gwiwoyinsa sun hana shi hawa tudu. Aka shigo da tumakin, na fara kira, tayi ya hau ya tsaya, wuri ya yi tsit. Guduma tana sama. Da a da ne, da na buga kafin ƙiftawar ido. Sai na ce wa kaina, jira. Da na jira sai na dube shi, na ga hannunsa kan wata tsohuwar tunkiya, leɓensa yana motsi, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru ina sayar masa da dabbobi, ban taɓa sanin yana raɗa musu suna ba. Manoma suka fara tsiya daga bayan shinge. Wani ya ce, "Kai Edwin, batirinka ne ya mutu?" Wani ya amsa, "Ku ƙyale shi, soyayya ta cinye masa harshe, saura kunnuwa!" Aka fashe da dariya. Na bar su suka yi, ban sauke hannu ba sai da tsohon ya gama ya ɗago kai. Da aka tashi ya same ni bakin ƙofa, ya riƙe hannuna da ƙarfi ya ce, "Na gode, ɗana, da ka bari na sallame su." Ke na fara tunawa, na so in ruga in ba ki labari, sai na tuna alkawari na koma na wanke kofin shayina.

Kada ki ɗauka na zama waliyyi. Dubi tsawon wasiƙar nan, mutumin da ke koyon shiru ne ya cika takardu haka! Zuciyata tana ta shirya miki amsoshi, tana cewa ƙila kaza take tsoro, ƙila kaza, ina kama su ina zubarwa kamar yadda kike jefar da dutsen da bai dace da gurbi ba. Halin da aka gina tun ƙuruciya ba ya rushewa cikin 'yan makonni, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ban mallaka ba. Abin da na sani shi ne a da ina son ki kamar yadda mai jin sanyi yake son wuta, don abin da kike yi mini. Yanzu ina son in san ki, ke ɗin kanki, har da wuraren da ba ni a ciki. Wannan son ya fi na da nauyi, ya kuma fi shi ban tsoro.

Ga roƙona, ya sanyin idona. Na je wurin Winifred na ce ran Lahadi ta sake yi miki tambayar nan, kalma da kalma, kada ta sassauta don ni. Zan zauna kan hannuwana in ya kama. In shirunki ya kai har shayin dattawa ya huce, har rana ta sauka daga taga, ba za ki ji ko tarina ba. Ki ɗauki lokacinki, ki jujjuya maganar yadda kike so, ki ajiye ta inda ta dace. Ina son in ji abin da kike tsoron rasawa, daga bakinki, tun daga farkonsa har ƙarshensa. Na san yana yiwuwa ki ce kanki kike tsoron rasawa, kuma ni ne zan sa ki rasa shi. Na san yana yiwuwa in kin gama ba sauran maganar aure. In haka ne, zan saurara har ki kai aya, in tashi in ba kowa hannu yadda ake yi, in fita ba gardama. Gara in rasa ki na ji ki, da in same ki ban taɓa jin ki ba.

Ko me kika ce, zuciyar nan ta riga ta fita daga kasuwa, ba mai sake taya ta har in koma ga Mahaliccina.

Naki, yau da gobe da ranar da ba ni,
Edwin